Raina Kama da Darasin da Ta Bar wa Marubutan Ƙasar Maradi

Duk wanda ya nazarci tarihin ƙagaggun labaran Hausa zai tarar da makarantu biyu da suka yaye marubuta, kowace da abin da ta koyar. Ta farko ita ce Hukumar Fassara, wadda a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan marubuci ya sami edita mai bin rubutunsa layi-layi, sai dai hukuma ce ke zaɓen abin da za a buga, domin littafin karatun ƴan makaranta take nema.

Ta biyu a Kano ta tsiro, tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, sa'ad da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, kamfanin NNPC na Zariya kuma ya ja baya wajen buga sababbin labarai. Sai marubuta suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Kukan Kurciya da Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jigoginta. Sabon shiga ya koyi yadda ake kai rubutu maɗaba'a, da tsara bango, da kasa labari littafi na ɗaya da na biyu, da hulɗa da ƴan kasuwa. Littattafan kan fito da tambarin ƙungiya da jerin sunayen na sauran membobi, ta haka kowane littafi ke tallar ɗan'uwansa. Ko shakka babu an ci riba: In Da So Da Ƙauna ya game ƙasar Hausa, Alhaki Kuykuyo Ne kuwa har fassararsa ta Ingilishi ta fito a Indiya a 2012.

Inda wannan makaranta ta gaza shi ne wajen tacewa. A muhawarar da aka tafka a jaridu, wadda Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su, kowa da gaskiyarsa. Marubutan sun samar wa Hausa makaranta masu ɗimbin yawa, musamman mata. Amma kuma da yawan littattafan cike suke da kurakuran ƙa'idojin rubutu, da taurari masu kama da juna, da labarin da ake ja domin a sami kashi na uku.

Wannan tarihi ya shafi jihar Maradi, domin ta hanyar Katsina da Jibiya littattafan Kano suka tsallaka iyaka, suka sami masu karatu a Nijar. Ita kuwa Nijar ɓangaren hukuma ta fi gada: makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun 1973, da littattafan Albasa da aka buga da tallafin Jamus a farkon shekarun 2000. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to amma doka ba ta rubuta littafi.

Saboda haka duk ƙungiyar da za ta horar da masu sha'awar rubuta labari a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, wajibi ne ta haɗa gadon biyu: dabarun kasuwa na Raina Kama, da tsananin edita na zamanin Imam. Bugu da ƙari, ta hana ɗalibanta aron unguwannin Kano da ba su taɓa takawa ba. Abin rubutu na nan a ƙofar gida: fadar Gobir a Tsibiri, da yunwar 2005, da manoman Ɗan Saga da suka rayar da itatuwa a gonakinsu, da ƴan gudun hijirar da suka kwararo yankin Gidan Rumji tun 2019 saboda ƴan bindiga, da matar da mijinta ya daɗe a ci-rani. Karin harshen Gobirawa da na Katsinawan Maradi ma dukiya ce da ta cancanci shiga bakin taurari.

Ma'aunin irin wannan ƙungiya shi ne zaman da za a karanta babi a gaban jama'a, a mayar wa mai shi da gyara, ya sake rubutawa har sau uku kafin a yi zancen maɗaba'a.