Almakashi a hannun wa?

A shekarun 1946 zuwa 1947 wani saurayi Bafaranshe, Jean Rouch, ya bi kogin Isa cikin kwalekwale shi da abokansa biyu. A yankin Ayoru ya ɗauki hoton Sarkawa suna farautar dorina, da wata ƙaramar kyamara mai ɗaukar zaren fim na milimita 16. Da ya koma Faris sai ya miƙa hotunan ga kamfanin labaran silima na Actualités Françaises. Su suka yanke, su suka haɗa, su suka raɗa wa fim ɗin suna Au pays des mages noirs. A zahiri masunta sun fara da wasan iskoki, mai kama da borinmu, don neman izinin masu ruwa, sannan suka fita farauta. Masu haɗin kuwa suka ɗauke wasan suka kai shi ƙarshe, saboda a ganinsu shi ya fi girgiza ɗan kallo, suka ɗora masa kiɗan da bai san kogin ba da muryar mai sharhin wasanni. Da haka labarin ya zama ƙarya: roƙon da aka yi kafin aiki ya koma shagalin bayan cin nasara.

Na kawo wannan ne don mu fahimci inda iko yake a sana'ar silima. Jama'a sun san ɗan wasa, wasu sun san mai ba da umarni, kaɗan ne ke tsayawa karanta sunan wanda ya zauna a ɗaki ya zaɓi abin da za a gani da abin da za a zubar. Da Faransanci aikin nan sunansa montage. Ƴan fim na Kano suna ce masa tace hoto, kalmar da kuma ake amfani da ita ga hukumar da ke hana fitar abin da ba ta yarda da shi ba. Kalmar ta dace da duka biyun, gama mai tacewa shi ke da ta cewa.

Rouch ya ɗauki darasi. Fim ɗinsa na biyu a kan farautar dorina, Bataille sur le grand fleuve, ya komo da shi Ayoru a 1954, aka kafa farin ƙyalle, masunta suka kalli kansu. Suka yi masa gyara: me ya kawo kiɗa a lokacin farauta? Dorina tana da kunne, kuma cikin shiru ake tunkararta. Ya cire kiɗan. Mutanen da ba su taɓa ganin teburin haɗa fim ba sun ba da hukuncin da ya fi na ƙwararrun Faris, domin sun san abin da hoton ke magana a kai.

Magabatan silimar Nijar sun yi aiki cikin wannan ƙunci. Ba mu da ɗakin wanke fim. Zaren da aka ɗauka sai an tura shi Turai, kuma galibi can ake haɗa shi, da yawa ta hannun ofishin silima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa da aka buɗe a 1963. A kan tebur ake murza zaren, a yi alama, a yanke, a liƙa. Hoto 24 ke cikin daƙiƙa guda, kowane yanka kuwa yana cin lokaci da kuɗi. Duk da haka dubi Cabascabo na Umaru Ganda, wanda aka nuna a Kan da Mosko a 1969. Minti 45 kacal ne. Tsohon soja ya dawo daga yaƙin Indocin, abokai suka cinye kuɗinsa, suka watse. Ganda ya riƙa katse zaman gida da tunanin fagen fama, ta yadda mai kallo ke auna abin da mutumin ya bayar da abin da aka saka masa da shi, ba tare da wani ya tsaya yi masa wa'azi ba. Haɗin ne ya yi maganar. Shi ne kuma ya ci babbar kyautar Fespako ta farko a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya fi kowa sanin nauyin hoto guda, tunda a Bon voyage Sim na 1966 da hannu ya zana kwaɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zana daƙiƙa da hannunsa ba ya ɓarnar ta.

Yau almakashin ya dawo gida. Tun da manhajojin kwamfuta irin su Avid da Adobe Premiere suka bayyana wajen 1990, haɗin fim ya bar zare da manne. DaVinci Resolve yana da nau'in da ake samu kyauta, ɗalibaina kuma da CapCut suke yanka bidiyo a wayar hannu lokacin hutun tara. Abin da Ganda sai ya ƙetare teku ya samu, ga shi a aljihun yaro a Maraɗi ko Damagaram. Wannan ƴanci ne na gaske, kada mu raina shi.

To, me muka yi da shi? Mai karatu ya tuna fina-finan Hausa da yake kallo, na Kano da namu na gida. Mota ta iso ƙofa, ta yi oda, maigadi ya taso, ya buɗe, ta shiga, direba ya fito, ya rufe, ya taka har falo. Minti biyu sun tafi, labari bai motsa ba. Gaisuwa takan zo cikakkiya, daga kwana har gajiya, a kowace fitowa. Kiɗa ba ya yankewa, ko a wurin makoki, har ba a jin abin da ake faɗa. Ba jahilci kaɗai ya jawo haka ba, kasuwa ce. A zamanin kaset da faifai an riƙa raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu don a sayar sau biyu. Yanzu masu dogon zango a YouTube suna buƙatar cika mako bayan mako. Da can Faris ke riƙe da hannun mai yanka, yau ɗan kasuwa ke riƙe da shi.

Za a ce mini gaisuwa mai tsawo al'adarmu ce, kuma saurin yanka ɗabi'ar Amurka ce. Na yarda da rabin maganar. Jinkiri ba laifi ba ne. Yeelen na Sulaiman Sise, ɗan Mali, yana tafiya a hankali, amma kowane tsayawa yana ɗauke da ma'ana. Gaisuwar da ke nuna mana cewa suruka ta ƙi amsa wa matar ɗanta da sakin fuska, a bar ta duka. Wadda ba ta nuna kome ba, a yanke. Masu tatsuniya sun riga mu sanin wannan: tsohuwa ba ta ƙirga takun Gizo daga gida zuwa fada, sai ta ce yana nan yana nan, ga shi gaban sarki.

Shawarata ga matasan da ke koyon aikin ba ta buƙatar sabuwar na'ura. Su kashe sauti su kalli abin da suka haɗa. In ba a gane labarin ba, hoton bai yi aikinsa ba. Su kalli Cabascabo da alƙalami a hannu, suna rubuta inda aka yanke da dalilin yankan. Kafin su saki fim, su nuna shi ga mutanen da yake magana a kansu, manoma ne ko mahauta ko ƴan tasha, su saurari gyara kamar yadda aka saurara a Ayoru. Cibiyoyin al'adu da makarantu kuma su sa fina-finan Ganda da Alasan cikin abin da ake nazari, yadda muke nazarin littafi. Mu ƴan kallo, mu riƙa jiran sunaye a ƙarshen fim, mu san wa ya tace, mu yaba masa ko mu tuhume shi da sunansa.