Iliya Ɗan Maiƙarfi a hannun yaran Alsawra

Wata uwa a ikilisiyarmu ta same ni bayan sujada ta ce, "Malam, wane littafin Hausa zan ba ɗana? Larabci kawai yake karantawa, ni kuma ba na son a cika masa kai da aljanu." Yaron yana da shekara 12, yana ajin mutawassiɗa a nan Alsawra ta Omdurman. Yana jin Hausa sarai, amma rubutun boko baƙonsa ne. Littattafai biyu nake da su da za su iya dacewa da shi, dukansu na zo da su daga Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Iliya na ba ta.

Ba domin Ruwan Bagaja ya kasa ba. Wajen daɗin Hausa babu mai kamo Imam. Amma yawancin dariyar littafin tana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke cutar juna da zamba, kuma sai wanda Hausa ta zauna masa zai kama zolayar. Yaron da yake haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya zai gaji kafin ya kai wurin dariya. A ajiye masa shi sai ya ƙara shekara biyu ko uku.

Labarin Iliya kuwa miƙaƙƙe ne. Yaro ne gurgu wanda ya yi shekaru bai taka ƙasa ba, sai baƙi suka zo gidansu ya warke, ya sami ƙarfi, ya hau dokinsa Kwalele ya tafi bauta wa Sarki Waldima na birnin Kib. Jimlolin gajeru ne, kuma zanen baƙi da fari da ke ciki yana ba mai karatu wurin hutawa. Na lura yaran nan sukan fara duban hoto, su yi ta gardama a kan abin da ke faruwa, daga nan su koma ga rubutu don su ga wa ya yi gaskiya. Da haka karatun yake shiga.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne asalin labarin. Kib ita ce Kiyef ta ƙasar Yukren, Waldima kuma shi ne Sarki Biladimir wanda ya karɓi baftisma wajen shekara ta 988. Iliya kansa jarumi ne na tsofaffin waƙoƙin mutanen Rasha, Iliya Muromets, wanda Ikilisiyar Otodoks take lissafa shi cikin tsarkaka. Ingawa ya sa wa labarin rigar Hausa har ba a gane baƙo ne. Wannan ya kwantar da hankalin uwar yaron ƙwarai, ko da yake ni ban ɗauke shi babbar hujja ba. Labarin ƙattai da dokin ban mamaki tatsuniya ce, yaro kuma ya san tatsuniya tun yana goye. Abin da na fi dubawa shi ne inda jarumin ya sa ƙarfinsa, kuma Iliya bai taɓa mantawa cewa ba shi aka yi ba.

Aibin littafin yaƙi ne. Ana sara, ana kisa, babi bayan babi, marubucin kuma ba ya tsayawa ya ji tausayin waɗanda suka faɗi. Lokacin da na karanta shi a firamaren mishan, wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Yaranmu dabam ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 sun ji ƙarar igwa a kan rufin gidajensu, waɗansu sun ga gawa a hanya, makarantunsu kuma sun daɗe a rufe. Akwai yarinyar da ta rufe littafin a tsakiyar wani faɗa ta ce ba ta so, ban kuwa matsa mata ba.

Saboda haka na roƙi uwar kada ta miƙa masa littafin ta tafi kasuwa. Su zauna da yamma, shi ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ita ta gyara masa inda ya yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. In sun iso wurin yaƙi ta dubi fuskarsa, in ya ɓata rai su tsallake. Ranar Lahadin da ta biyo baya yaron ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko da gaske ne Iliya ya zama dutse a ƙarshe. Na ce masa saura shafi nawa ya kai can.