Mai Kiran Aljanu: Sunan da Ya Kai Wasu Fada, Ya Kai Wasu Igiya

A watan Yuni na 1604 wani dattijo mai shekara 76 ya kai wa Sarki James na Ingila koke, yana roƙon a gurfanar da shi gaban shari'a. Sunansa John Dee, masanin lissafi da taurari, wanda ya zaɓa wa Sarauniya Elizabeth ta Farko ranar naɗinta a 1559. Abin da ya hana shi barci shi ne laƙabin da jama'a suka liƙa masa, conjuror, wato mai kiran aljanu. Ya ce a bincike shi, in an same shi da laifi a kashe shi. Sarki bai ko waiwaye shi ba.

Tsoron Dee yana da dalili. A shekarar ce majalisa ta ƙara wa dokar maita ta 1563 tsanani, kuma hukuncin kiran miyagun iskoki shi ne rataya, ko da mutum bai cuci kowa ba.

Asalin kalmar ba shi da alaƙa da tsafi. A Latin tana nufin mutane su yi rantsuwa tare, shi ya sa Romawa ke kiran makircin juyin mulki da ita. Daga nan ta koma roƙo mai nauyi, irin wanda ake haɗa mutum da Allah don ya yi abu. Limamin coci mai fitar da aljani da sunan Ubangiji yake ɗaure shi, ya umarce shi ya fita. Mai sihiri ya ɗauki lafazin nan bai canza komai ba sai umarnin: zo, nuna mini inda aka binne dukiya, faɗa mini wanda ya yi sata. Littattafan wannan aiki da Latin aka rubuta yawancinsu, abin da ke nuna cewa masu yin sa 'yan boko ne na zamaninsu, da yawansu ma'aikatan coci.

Dee ya dage cewa da mala'iku yake magana. Daga 1582 yakan buɗe zama da addu'a, abokin aikinsa Edward Kelley ya ƙura wa dutse mai sheƙi ido yana faɗin abin da ya gani, shi kuma yana rubutawa. Baƙin madubin dutse da ake dangantawa da shi, ƙirar mutanen Aztek na Meziko, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Wata ma'anar kalmar kuwa, ta mai rufa-ido, ta samu gindin zama ne ta hannun masu shakka. A 1584 Reginald Scot ya wallafa littafi yana tona asirin masu dabo: yadda ake ɓatar da kwabo a tafin hannu, da wuƙar da kaifinta ke shigewa cikin ƙota, da teburi mai rami da ake nuna yankakken kai a kansa. Scot ya yi aikin ne don ceton talakawan tsofaffin mata da ake ratayewa da sunan maita, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Doka ba ta bi sahunsa ba sai a 1735, lokacin da laifin ya koma iƙirarin iya sihiri, hukuncinsa ɗaurin shekara guda. Da wannan doka aka ɗaure Helen Duncan wata tara a 1944, kan cewa tana kiran ruhohin matattu. An soke dokar a 1951.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne kudancin Amurka, a bakin bayi 'yan Afirka. A wurinsu tana nufin aikin boka mai saiwoyi da layu, wanda ake zuwa wurinsa don neman lafiya, ko farin jini, ko tsari daga bulalar ubangida. Frederick Douglass, wanda shi ma ya yi bauta, ya ba da labarin yadda a 1834, a Maryland, wani bawa Sandy Jenkins ya ba shi wata saiwa, ya ce ya riƙa ɗaukar ta a gefensa na dama, ba Baturen da zai ƙara dukansa. Douglass bai gaskata ba, amma ya karɓa. Da Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya zuciyar bayi, ya kama shi zai ɗaure, sai suka kwashe kusan awa biyu suna kokawa, kuma Covey bai sake zane shi ba. Mutumin da aka raba da kotu da likita da makami, ba abin raini ba ne don ya nemi ƙarfin zuciya a saiwa.

Masu bayi sun san haɗarin hakan. A Charleston a 1822, cikin shari'ar tawayen da aka ce Denmark Vesey ya shirya, shaidu sun ce wani boka ɗan Angola, Gullah Jack, ya umarci mabiyansa su ci gasasshiyar masara da gyaɗa, kowa ya sa ƙafar ƙaguwa a baki don kada makami ya kama shi. An rataye shi a watan Yuli, cikin mutum 35 da aka kashe a wannan shari'a.