BABI NA UKU: FAIFAN FARKO NA ƘUNGIYAR VAMPIRE WEEKEND DA MUHAWARAR ARON KIƊAN AFIRKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da kiɗan indi rok, wato reshen kiɗan rok da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ke fitarwa, ba manyan kamfanonin faifai ba. A wannan babi kuwa za a ɗauki faifai guda ɗaya a yi masa tarke, wato faifan farko na ƙungiyar Vampire Weekend ta birnin Niyok a ƙasar Amurka, wanda ya fito a ƙarshen watan Janairu na shekarar 2008, aka kuma sa masa sunan ƙungiyar. Za a dubi yadda aka haɗa shi, da zubi da salon waƙoƙinsa, sannan yadda masu sharhi suka karɓe shi. Dalilin zaɓen wannan faifai shi ne cacar bakin da aka yi a kan aron kiɗan Afirka da aka ce ya yi. Kusan duk a tsakanin Amurkawa aka yi wannan cacar baki, su kuwa makaɗan da aka ari kiɗan daga gare su da ƙyar aka riƙa jin sunayensu a cikinta.

3.1 Kafuwar Ƙungiyar da Haɗa Faifan

Mutum huɗu ne suka kafa ƙungiyar a shekarar 2006, dukkansu kuwa ɗaliban Jami'ar Kolombiya ne da ke Niyok. Ezra Koenig shi ne jagoran waƙa kuma mai kaɗa jita, Rostam Batmanglij na riƙe da fiyano da jita ta biyu, Chris Baio na kaɗa jitar bes mai kaurin murya, Chris Tomson kuma shi ne mai ganguna. Sunan ƙungiyar ya samo asali ne daga wani ɗan gajeren fim da Koenig ya taɓa fara shiryawa.

Ba a shiga wani katafaren situdiyo aka yi watanni ana aiki ba. An ɗauki wasu sassa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, wasu a wata rumfar gona, wasu a gidajen da 'yan ƙungiyar suke zaune, wasu kuma a wani ƙaramin situdiyo a unguwar Brooklyn. Batmanglij, wanda kiɗa ya karanta a jami'a, shi ya tsara sautin faifan baki ɗaya, ba a ɗauko wani gwani daga waje ba. A wannan tsakani Koenig yana koyar da Ingilishi a wata ƙaramar sakandare a Brooklyn. Tun a 2007 waƙoƙin suka fara yawo a kan wani faifan CD mai launin shuɗi da 'yan ƙungiyar suka kwafa da kansu, daga nan suka bazu a intanet. Saboda haka kafin kamfanin XL Recordings na Landan ya fitar da faifan, masu bibiyar irin wannan kiɗa sun riga sun san yawancin abin da ke cikinsa, wasu ma har sun fara gajiya da yawan yabon da ake yi masa.

3.2 Zubi da Salon Waƙoƙin

Faifan yana ɗauke da waƙoƙi 11, tsawonsu duka bai kai minti 35 ba. Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi shi ne sarari. A kiɗan rok an saba a murɗa sautin jita ya yi kauri da gurnani har ya cike ko'ina. A nan kuwa an bar jitar tana fita tas, zara-zara, ana jin kowace tsirkiya daban, ganguna kuma ba su danne murya ba. Waƙar “A-Punk” ba ta wuce minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba, amma a cikinta an samu gudu irin na kiɗan fank, da wani sauti mai kama da sarewa da ke shigowa ya sassauta gudun. A “M79” kuwa, wadda sunan wata motar bas ce mai ratsa tsibirin Manhattan, goge irin na Turawa da sautin tsohon fiyano ne suka mamaye kiɗan, har ya yi kama da kiɗan fadojin Turai na ƙarni na 18. Wannan waƙa ita ce ta fi nuna hannun Batmanglij, ba ta kuma da wata alaƙa da Afirka.

Ta fuskar jigo, waƙoƙin sun ta'allaƙa ne a kan rayuwar 'yan boko da 'ya'yan masu hannu da shuni na arewa maso gabashin Amurka. Sunayen waƙoƙin kansu sun nuna haka. “Mansard Roof” sunan wani salon rufin gini ne na Faransa, “Oxford Comma” sunan wata ƙa'idar sa waƙafi ce a rubutun Ingilishi, “Campus” kuwa harabar jami'a ke nan. Cape Cod, wanda ya fito a sunan waƙa ɗaya da kuma cikin waƙar “Walcott”, wani yanki ne a gaɓar teku a jihar Massachusetts inda masu kuɗi ke zuwa hutun bazara. Sai dai mawaƙin ba kirari yake yi wa wannan rayuwa ba. Yana kallonta ne kallon wanda ya shiga cikinta amma bai zama ɗan gida ba, yana sha'awarta yana kuma yi mata shaguɓe. Wannan shaguɓe shi ne ƙarfin faifan, shi ne kuma abin da ya kuɓuce wa da yawa daga cikin masu sukarsa.

3.3 Aron Kiɗan Afirka

Waƙar da ta jawo maganar Afirka ita ce “Cape Cod Kwassa Kwassa”. Kwasa-kwasa rawa ce da ta tashi a Kinshasa a shekarun 1980, lokacin ana kiran ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu. Makaɗa irin su Pepe Kalle da Kanda Bongo Man ne suka yaɗa ta. Shi Kanda Bongo Man ya koma Faris da zama a 1979, ya yi aiki da shahararren mai jita Diblo Dibala, a 1989 kuma aka fitar masa da faifai mai suna Kwassa Kwassa. Rawar tana tafiya ne da kiɗan sukus, wanda ya tsiro daga rumbar Kwango ta su Grand Kalle da Franco Luambo.

Idan aka saurari waƙar Vampire Weekend kusa da ta waɗannan makaɗa, za a ga abin da aka ara kaɗan ne. An ari tsabtar sautin jita, da ɗan zagayen amo da ake maimaitawa a saman tsirkiyoyi, da gangar hannu. Amma ƙashin bayan sukus shi ne jita biyu ko uku suna saƙa amo a tsakaninsu, ɗaya na jan gaba, ɗaya na riƙe da zango, wata kuma na cike gurbin da suka bari. Akwai kuma sashen da ake kira sebene, inda waƙa ke tsayawa, jitoci su ɗauki wuta, masu rawa su shiga fili, sau da yawa da mai zuga yana ɗaga murya yana ba su umarni. Duk wannan babu shi a waƙar Vampire Weekend. Tafiyarta ma a hankali take, ba ta kai gudun da za a yi rawar kwasa-kwasa da ita ba. Abin da aka ɗauka launi ne, ba a ɗauki ginin ba.

Ya kamata a yi wa ƙungiyar adalci a nan. Waƙar ba ta yi da'awar ita sukus ba ce. Sunanta ya haɗa wurin hutun masu kuɗi da rawar talakawan Kinshasa da gangan, a cikinta kuma an ambaci kayan ƙawa na kamfanonin Turai da sunan Peter Gabriel, mawaƙin Ingila da ya yi fice wajen gabatar da makaɗan Afirka ga Turawa. Abin nufi shi ne mawaƙin ya san cewa kiɗan Afirka ya zama ɗaya daga cikin kayan ado na gidajen masu kuɗi, a kan haka ma waƙar take zolaya. Shi kansa Peter Gabriel ya fahimci wasan, domin daga baya ya sake rera waƙar tare da ƙungiyar Hot Chip.

Inda gizo ke saƙa shi ne laƙabin da 'yan ƙungiyar suka yi wa kiɗansu a farkon tafiya, wato “Upper West Side Soweto”. Kashin farko sunan wata unguwar masu hali ce a Manhattan, kusa da jami'arsu. Soweto kuwa unguwar baƙar fata ce a gefen Johannesburg, wadda duniya ta sani da boren ɗalibai na 16 ga Yuni, 1976, da jinin da gwamnatin wariyar launin fata ta zubar a ranar. Tsakanin Soweto da Kinshasa akwai fiye da kilomita 2,500, kiɗansu daban, harsunansu daban, tarihinsu daban. Ko da wasa aka yi nufi, laƙabin ya dunƙule Afirka ta zama wuri ɗaya, ya kuma ɗauki suna mai nauyi ya mai da shi abin raha. Ba Amurkawa kaɗai ke irin wannan cuɗanya ba, domin a Nijeriya ma lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990, makosa jama'a suka riƙa ce masa, alhali makosa kiɗan Duwala ne a Kamaru. Bambancin shi ne mai saye a kasuwa ba ya cin riba da kuskuren sunan da ya yi, ita kuwa ƙungiya da laƙabin aka riƙa tallata ta a jaridu.

3.4 Yadda Aka Karɓi Faifan

Ta fuskar kasuwa faifan ya yi abin da ba a saba gani ga sabuwar ƙungiyar indi ba. Ya kai matsayi na 17 a jerin Billboard na Amurka, da na 15 a Birtaniya. Mujallar Spin ta sa hoton ƙungiyar a bangonta na watan Maris 2008, hoton da aka ɗauka tun faifan bai fito ba, a watan kuma suka yi wasa a shirin talbijin na Saturday Night Live. Mujallar intanet ta Pitchfork ta ba shi maki 8.8 cikin 10.

Lokacin da ya fito ma ya taimaka masa. A watan Oktoba na 2007 Sasha Frere-Jones ya buga wata maƙala a mujallar The New Yorker yana kukan cewa indi rok ya yi watsi da tasirin kiɗan baƙar fata, ya rasa kaɗawa da motsa jiki. Wata uku bayan haka sai ga ƙungiyar indi tana ambaton Kinshasa da Soweto. Masu yabo suka ɗauke ta a matsayin amsa ga wancan kuka. Masu suka kuwa suka ce 'ya'yan gata ne na babbar jami'a, masu sanye da tufafin 'yan hutu, suka je Afirka yawon buɗe ido da kunne suka kwaso abin da ya yi musu. An mai da wa masu sukar martani da cewa iyayen Batmanglij 'yan Iran ne, Koenig kuma Bayahude ne da ya yi karatu da tallafi da bashi, saboda haka ba su ne ainihin 'ya'yan gatan da ake zato ba.

Wannan martani gaskiya ne, amma ya kauce daga tambayar. Ya mai da muhawarar ta koma kan asalin mai aro, maimakon haƙƙin wanda aka ara daga gare shi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan ma'auni guda, wato faifan Graceland na Paul Simon da ya fito a 1986. Masu yabo suka ce ga magajin Graceland, masu suka ma suka ce ga wani Graceland ɗin an sake. Ke nan da faifan Ba'amurke aka auna faifan Ba'amurke, Kanda Bongo Man da Diblo Dibala suna gefe. Kwatancin ma bai zauna daidai ba. Paul Simon ya je Johannesburg a 1985, ya sha suka saboda a lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana hulɗar al'adu da Afirka ta Kudu, amma makaɗan ƙasar ne suka kaɗa a faifansa, irin su Ray Phiri da Bakithi Kumalo da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo. An biya su, an rubuta sunayensu, wasu kuma daga nan duniya ta san su. Vampire Weekend ba ta karya wani takunkumi ba, ba ta kuma kwafi waƙar wani ɗan Kwango ba, salo ta ara, salo kuwa ba shi da mai shi a dokar haƙƙin mallaka. Sai dai saboda haka ɗin, babu wani makaɗin Kwango da faifan ya ɗauko ya tsayar a gaban jama'a.

Akwai hujjar da ake kawowa cewa kiɗa dama yawo yake yi, ita kanta rumbar Kwango daga faya-fayen Kyuba da aka riƙa sayarwa a Kinshasa da Brazzaville ta samo siffarta, kiɗan Kyuba kuma bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka kai tushensa. Wannan haka yake, shi ya sa zargin sata bai tsaya da ƙafarsa ba. Amma makaɗan Kinshasa sun narkar da abin da suka ara shekaru da dama har ya zama wani abu sabo da harshen Lingala, sun kuma bar masa sunan rumba, wanda ke nuna inda ya fito.

3.5 Abin da Ya Biyo Baya

Sukar ba ta rage wa ƙungiyar kasuwa ba. Faifanta na biyu, Contra, ya shiga jerin Billboard a matsayi na ɗaya a Janairun 2010, na uku kuma, Modern Vampires of the City na 2013, ya ci kyautar Grammy. A wannan na ukun an rage jitar da ake dangantawa da Afirka ƙwarai, laƙabin Soweto kuma ya ɓace daga bakin 'yan ƙungiyar. Batmanglij ya bar ƙungiyar a 2016. A faifan Father of the Bride na 2019 an sake komawa ga kiɗan Afirka, amma ta wata hanya daban. A waƙar “Rich Man” an ɗora murya ne kai tsaye a kan jitar S. E. Rogie, makaɗin Saliyo da ya rasu a 1994, aka kuma rubuta sunansa a cikin waɗanda suka mallaki waƙar.