Magini: Gwanin da Ke Ɗaga Ƙasa Ta Zama Inuwa

Duk wanda ya taɓa yin azahar a Matankari cikin watan Afrilu ya san darajar ɗakin ƙasa. A waje zafi ya haura digiri 40, rairayin kwarin Dallol Mawri yana ƙona tafin ƙafa, amma da ka sa kai cikin tsohon zaure sai sanyi ya tarbe ka kamar ka kusanci randa. Wannan sanyi aikin hannun magini ne, mutumin da mukan wuce shi a kan hanya, ƙafafunsa duk laka, mu ce masa "sannu da aiki" mu yi gaba, ba tare da mun tsaya mun auna irin ilimin da ke ƙirjinsa ba.

Aikinsa yana farawa tun kafin a aza tubalin farko, domin sai ya san ƙasa. Ƙasar Arewa iri-iri ce: ƙasan dallol rairayi ne, bakin tabki da fadama laka ce mai danƙo, tuddan da suka yi wa kwarin shinge kuwa jan dutse ne da tsakuwa. Laka zalla takan tsage idan ta bushe, rairayi zalla ba ya kama jiki. Magini zai damƙi ƙasa ya jiƙa ta, ya murza a tafin hannu, ya dunƙule ya saki ta faɗi, daga yadda ta fashe ya gane abin da ta rasa. Sai ya sa a gauraya wannan da waccan, a zuba ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, samari su shiga su tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki tana tsima ana ƙara mata ruwa. Ciyawar ce jijiyar da ke hana bango tsagewa, tsimawar kuma ita ke ba ƙasar danƙo.

Ya kuma san lokaci. Ana kama gini bayan kaka, idan gero ya shiga rumbu, hannaye sun samu sarari, iskar hunturu tana busar da tubali. Magabata da hannu suke mulmula tubali, gindi da faɗi kai da tsini, yau kuma an fi buga shi a ɗan akwatin katako. Ko da wanne aka yi, ka'idar ɗaya ce: bango ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa, kuma kada a ɗora masa fiye da abin da zai iya ɗauka a yini. Abin kallo ne ka ga magini ya hau bango ya zauna kamar mahayin doki, yaransa na ƙasa suna jefa masa tubali da curin laka yana cafewa. Ya runtse ido ɗaya ya dubi kusurwa, ya ɗan dunguri tubali guda da gefen hannu, sai layi ya miƙe. Yaron da ke jifa yau, idan ya yi haƙuri, shi ne zai hau bango gobe, domin wannan sana'a a bakin kududdufi ake karatunta, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaronsa.

Gwaninta tana bayyana ne wajen rufi. Kowa na iya tayar da bango, amma a ɗora ƙasa mai nauyi bisa kan mutane su kwana ƙarƙashinta hankali kwance, wannan sai gwani. Makaminsa azara ce, tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika iya masa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyi a tazara mai nisa, da wuya ta wuce mita biyu ba ta lanƙwashe ba. Don haka magini yakan gicciya azara a kusurwoyin ɗaki ya rage faɗin sama, ya sake ɗora wasu a kan waɗancan, har bakin ya haɗe. Idan soro babba ne sai ya yi bakan gizo: ya kafa azara cikin bango, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce zuwa ciki, ya yaɓe da laka ya jira ta bushe, ya ƙara wata, har hannayen biyu su gamu a sama. Da irin wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Bayan azara sai a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta yadda kowane ɗigo zai gangara zuwa indararo, indararon kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A ƙasashen Hausa da ɗorawa ta wadata, akan shafe bango da makubar da ake samu daga gare ta don ruwa ya zame. Kusan duk tunanin magini a kan ruwa yake: na sama da ke dukan bango, da na ƙasa da ke cin gindinsa. A cikin dallol ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa gwani ke neman tudu-tudu, ya cika harsashi da dutse, kuma ko an matsa masa ba ya kafa gida a hanyar ruwa.

Damana ita ke yi wa aikin hukunci. A shekarar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Mutane da yawa suka ɗora wa ginin ƙasa laifi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana yanka filaye har cikin kwari, babu magudanar ruwa, samarin da suka saba yin yaɓe kafin ruwan farko sun tafi cin rani, indararo ya toshe babu mai dubawa. Wasu kan lulluɓe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a ciki yana cinsa a ɓoye. Siminti da kwano kuwa daga nesa ake ɗauko su, da tsadarsu, ga zafin da kwano ke tarawa a ɗaki. Azara ma ta yi wuya, domin giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, kuma dazuzzukanta na kudancin dallol, wajen Gaya, suna ƙarƙashin kariyar hukuma.

Abin farin ciki, wannan sana'a tana karɓar sabo. A 1980, a garin Cikal na ƙasar Filinge, aka fara gwada ginin da ba ya buƙatar itace, dabarar da ta samo asali daga Nubiya a bakin kogin Nilu, daga baya ƙungiyar Development Workshop ta koyar da ita ga ɗaruruwan magina a Nijar, Mali da Burkina Faso. Ana jingina ƙananan tubala a jikin bango a karkace, layi yana riƙe layi har rufi ya haɗe, babu azara ko ɗaya. A maƙwabtanmu na jihar Tawa kuwa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya kama ginin masallacin Yama a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin ya kammala a 2018.

Saboda haka ina kira ga hukumomin garuruwan Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri, idan za a yanka filaye ko a gina aji da ɗakin shan magani, a zaunar da tsofaffin magina a ji ta bakinsu, domin sun san inda ruwa ke bi tun kafin a zana taswira. Cibiyoyin koyon sana'a su ɗauke su malamai, a haɗa iliminsu da sababbin dabaru. Kai kuma maigida, ka hau soronka kafin hadarin farko, ka share indararo, ka kira magini ya yi maka yaɓe, ka biya shi haƙƙinsa da mutunci.