Daga Dandali Zuwa Faifai: Matsayin Ɗan Wasan Ƙauye a Finafinan Camama

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba hanyar da saurayin ƙauye yake bi idan ya ƙudura zama ɗan wasan kwaikwayo, da kuma irin rawar da ake ba shi idan ya isa. An ɗauki karkarar da ke arewa da birnin Kano a matsayin misali, wato ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta. Wannan yanki yana cikin ƙasar nan mai cunkoson jama'a wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, kuma gado yake ta tsattsaga ta. Saboda haka noma kaɗai ba ya riƙe gida. Dole saurayi ya nemi sana'ar rani, kuma wasan kwaikwayo ya shiga sahun waɗannan sana'o'i.

Makarantar Farko

Kuskure ne a ɗauka cewa ɗan ƙauye yana zuwa birni ne hannu rabbana. Tun yana yaro ya yi tashe daga goma ga watan azumi, ya liƙa gemun auduga, ya koyi sauya murya da tafiya. Da kaka kuwa akwai kalankuwa, inda samari kan naɗa gwamna da alƙali da likita a tsakaninsu, su kwaikwayi masu mulki. Waɗannan wasanni ba su da rubutaccen zance. Abin da suke koyarwa shi ne hikimar magana nan take da sanin abin da zai motsa 'yan kallo. Abin lura shi ne, a dandalin kalankuwa ɗan ƙauye shi ne sarki, shi ne alƙali, kuma shi ne mai yi wa hukuma ba'a.

Ƙofar Shiga

Sana'ar kuwa a birni take. A can aka buɗe gidan talabijin na CTV a 1982, a can ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, a can kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Mai son shiga sai ya sami ubangida, ya yi masa hidima, ya riƙa bin sa wurin ɗaukar fim har ranar da za a ba shi fitowa ɗaya ko biyu, sau da yawa ba tare da sallamar kirki ba. Finafinan soyayya, irin su Sangaya na 1999, sun fi neman kyan fuska da iya rawa da Hausar birni. Ƙofar da ta rage wa ɗan ƙauye ita ce camama, wato fim ɗin barkwanci mai ƙaramin jari, wanda akan ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki, darakta ya faɗi gundarin labari, ɗan wasa ya cike sauran da bakinsa.

Misalin Ɗan Ibro

Ba wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya yi fice kamar Rabilu Musa Ɗan Ibro. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa. Ko da yake garin yana gabas da birni ne, ƙasar noma ce iri guda da wadda ake magana a kai. Ya yi makarantar horon malamai ta Wudil, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya koma wasa ɗungurungum. Gwanintarsa ta tashe ce zalla: kwaikwayon murya, da juya magana, da shigar burtu. A finafinansa masu kyau, wautar Ibro lulluɓi ce kawai, domin a ƙarƙashinta akwai talaka mai wayo wanda yake tona asirin boka da ɗan siyasa da mai kuɗi. Sana'ar ba ta rasa haɗari ba, domin a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disamba 2014.

Inda Gizo Ke Saƙar

Aibin camama shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya sun ɗauki lulluɓin sun bar abin da ke ciki. Sai baƙauye ya zama mai yagaggiyar riga da karkatacciyar hula, wanda ba ya gane komai, ana dariyarsa maimakon a yi dariya tare da shi. Wannan ya juya al'adar kalankuwa a baibai. Illarsa ga ɗan wasa babba ce, domin wanda aka saba gani a matsayin wawa da wuya a ba shi rawar uba ko malami ko alƙali. Ita ma karkarar an cuce ta. Rikicin rabon gado, da tsadar taki, da bashin kaka, da tafiya cin rani, duk batutuwa ne da za su ɗauki babban wasa, amma sai aka mai da ƙauye bangon da ake jingina shirme.

Kammalawa

Tun daga tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, sana'ar ta koma tashoshi irin su Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube. Saurayi a Minjibir ko Bichi yana iya ɗaukar wasa da wayarsa ba tare da izinin ubangida ba, ko da yake rajistar hukumar tacewa tana nan. Sai dai waya ba ta rubuta labari. Muddin ba a sami marubuta daga cikin karkarar ba, waɗanda suka san zaman gandu da shari'ar gona, to ɗan wasan ƙauye zai ci gaba da sayen abincinsa da mutuncin mutanensa. Aikin da ke gaban ƙungiyoyin wasa na makarantu da sassan Hausa na kwalejoji shi ne su haɗa mai hikimar baki da mai alƙalami tun a gida, kafin birni ya zaɓa masa rawar da zai taka.