Mutuwa da Dukiya a Waƙoƙin Wa'azi: Zamfara da Ƙasar Tamil

Wanda ya saba zama a tashar mota ko bakin kasuwa a Gusau, Tsafe ko Bungudu ya sha jin makaho na rera waƙar wa'azi: ga kabari, ga Walakiri da kulkinsa, ga mizani, ga siraɗi. Tsohuwar hanya ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma da waƙa shi da almajiransa suka riƙa kai saƙo ga waɗanda ba su jin Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ce ta mayar da waƙarsa ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa.

Mutanen Tamil na kudancin Indiya su ma suna da irin wannan adabi, nasu ma ya girmi namu nesa ba kusa ba. Littafin Naladiyar, mai baiti 400, wanda masu zuhudu na addinin Jain suka tsara, ya buɗe ne da babi uku a jere: dukiya ba ta tabbata, ƙuruciya ba ta tabbata, jiki ba ya tabbata. Akwai kuma Pattinattar, attajirin wata tashar jiragen ruwa, mai bautar Shiba, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu. Labari ya ce allura marar kafa aka bar masa, ya gane ko ita ba za ta bi shi ba ranar tafiya, sai ya rabar da abin da ya mallaka ya shiga duniya yana waƙa.

Mai saurin hukunci zai ce ai magana ɗaya ce, duniya budurwar wawa. A ganina ba ɗaya ba ce. A wurin mabiyin Hindu irin Pattinattar, duniya zagayawa take yi cikin zamani huɗu da suke kira yuga, in ta ƙare ta sake tashi, rai kuma ya yi ta komowa cikin sabon jiki. Abin gudu a nan shi ne komowar, dukiya kuwa tana cikin abubuwan da ke janyo ta, don haka maganinta a saki. Mawaƙin wa'azi na Hausa ya san zuwa ɗaya ne, bayansa sai hisabi. Bai cika damuwa da cewa ka tara ba. Tambayarsa ita ce ta ina ka samu, kuma me ka yi da ita. Shi ya sa Tabbat Haƙiƙa take lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya: mai mulki azzalumi, alƙali mai cin hanci, mai ha'inci a kasuwa.

A ɓangaren Tamil, wanda ya fi kusa da wannan shi ne Tirukkural, mai baiti 1,330 a babi 133. Marubucinsa Tiruwalluwar ya ba rashin tabbatar duniya babi guda, ya ba dukiya da mulki babi 70. Baitocinsa sun nuna mutum ne da ya san kasuwa da fada, ya kuma tsani dukiyar da aka ƙulle ba ta amfani kowa.

Inda mawaƙanmu suka gaza, ina jin, shi ne kallon ɗan Adam kafin ya mutu. Sauri suke su kai shi wuta, sai bayanin azaba ya cinye waƙar, mai saurare ya razana, ya miƙa sadaka, ya wuce. Naladiyar kuwa tsayawa yake a kan furfura, haƙoran da suka zube da bayan da ya ranƙwafa, abin da kowa ke gani a gidansu. Amma in aka zo kan dukiyar da ta ci rai, kamar haƙar zinariyar Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, Pattinattar zai ce ne a bar zinariyar, mawaƙin wa'azi kuwa zai tambayi wa ya haƙa, wa ya saya, da nawa ya biya.